Baba Sauri da Takardar Gada

Shekara talatin da ɗaya Baba Sauri ya yi yana aikin masinja a ofishin majalisar gari. Sunan kuwa tsokana ce ta kama shi. Tun yana saurayi ba a taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da hanzari ba, tafiya yake kamar mai ƙirga duwatsun hanya, har wani tsohon akawu ya ce in an aike shi kiran mutuwa kowa zai tsufa. Sai dai kuma a duk shekarun nan takarda ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. In aka tsokane shi sai ya ce, "Mai gudu shi ke faɗuwa. Ni ina isa."

Wurin zamansa wani dogon benci ne na katako a barandar bene na biyu, daidai ƙofar ofishin Ciyaman. Yana da jakar fata baƙa da aka sake wa maɗauki sau uku, da kofin shayi mai tsagaggen baki da ba ya yarda kowa ya taɓa. Karatunsa bai wuce ya gane suna a bayan ambulan ba, amma Allah ya ba shi riƙo. Ka tambaye shi takardar da ya kai shekara goma da suka wuce, zai faɗa maka ranar, da wanda ya karɓa, da hannun da ya miƙo. Ciyamomi shida ya yi wa aiki. Ya ga yadda ake shigowa da su da kiɗa, ya ga yadda suke fita da kwali ɗaya a hannu. Da yamma yakan koma ɗakunansa biyu a bayan tashar mota, wurin matarsa da yake kira Maman Auta. Ita Autar ma'aikaciyar jinya ce, ta yi aure, tana leƙo su ranar hutunta.

A cikin shidan nan babu wanda ya kwanta masa a rai kamar na ƙarshe. Mutum ne mai fara'a, mai baki, wanda in ya yi jawabi a kasuwa har masu dako sai sun sauke kaya. Shi ne kaɗai Ciyaman da ke tsayawa a bakin ƙofa ya ce, "Baba, an tashi lafiya? Ya ƙafar?" Lokacin da aka yi wa Maman Auta aikin ido, da kansa ya je asibiti ya zauna a gefen gadonta kusan rabin awa. Baba Sauri bai manta ba. Ko a gida in an soki Ciyaman a rediyo, sai ya kashe rediyon.

Wata Talata, saura mako biyar a yi zaɓe, Injiniyan majalisa ya tare shi a matakala. Injiniyan nan mutum ne siriri, marar son magana. Ya miƙa masa ambulan mai ruwan ƙasa.

"Baba, wannan hannu da hannu. Kada ka bi da ita ta wajen Sakatare, sau biyu ina rubutawa tana maƙalewa a teburinsa. Ka gaya wa Ciyaman da bakinka, maganar gadar kasuwa ce. Ƙafarta ta tsakiya ta ruɓe. A rufe ta yau, ba gobe ba."

Gadar kasuwa ta masu tafiya a ƙasa ce, ƙarfe da katako, ita ta haɗa unguwar ƙetaren kogi da cikin gari. Duk mai zuwa kasuwa ko makaranta daga can ta kanta yake bi. In an rufe ta, sai mutum ya zagaya tafiyar awa guda zuwa babbar gada.

Baba Sauri ya sami Ciyaman yana waya, yana ɓare lemu a kan tebur. Ya jira har ya ajiye wayar, ya rusuna, ya miƙa takardar, ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, bai rage ko kalma ba. Ciyaman ya karɓa da hannun hagu saboda na dama na riƙe da wuƙa. Babban yatsansa ya bar tabon ruwan lemu a kusurwar ambulan. Ya ja aljihun tebur na ƙasa ya jefa ta.

"Injiniya da tsoro," in ji shi, yana dariya. "In na rufe gadar nan yanzu, 'yan ƙetare su cinye ni ɗanye. Bayan zaɓe, Baba. Bayan zaɓe."

Aka yi zaɓe, Ciyaman ya ci, kuma ƙuri'un ƙetare ne suka ɗaga shi. Aka shiga hidimar murna da rabon muƙamai. Mako huɗu bayan haka, da safe wajen bakwai da rabi, lokacin da gadar ta fi cika, ƙafar tsakiya ta durƙusa. An kwana ana ruwa, kogi ya kawo. Gawa tara aka tsamo.

Kwana uku gari na makoki, a na huɗu aka fara tambaya. Ciyaman ya fito ya ce sakacin Injiniya ne, ya dakatar da shi. Injiniya kuwa ya tafi gidan rediyo ya ce ya rubuta, ya yi gargaɗi, an yi kunnen uwar shegu da shi. Ciyaman ya rantse bai taɓa ganin takarda ba. Kwafin da ke hannun Injiniya ba shi da hatimin karɓa, tunda ba ta bi ta ofishin Sakatare ba. Magana ta zama ta wannan ya ce, wancan ya ce. Mutane suka cika ƙofar majalisa da ihu, har kansiloli suka ga ba makawa, suka ce Ciyaman ya koma gefe, a kafa kwamitin bincike.

Ranar da aka kulle ofishin Ciyaman, Sakatare ya kira Baba Sauri ya rufe ƙofa.

"Baba, shekara nawa ta rage maka ka yi ritaya?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"To ka lallaɓa su. Takardu dubu nawa ka kai a rayuwarka? Wa zai ce dole sai ka tuna kowacce? Tsufa ai ba laifi ba ne. Baki shi ke yanka wuya, ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya koma bencinsa. Barandar da a da sai ka ture mutane kafin ka wuce ta zama kamar an yi ruwa an ɗauke. Masu neman aiki, masu kawo gaisuwa, 'yan rakiyar da ke kwana a gindin mota, duk sun yi layar zana. Kansiloli suka daina hawowa bene na biyu, kowa na shafa wa gemunsa ruwa. A cikin ofishin da aka kulle an manta fanka a kunne, tana juyawa tana ƙara ƙyas, ƙyas, wuni guda. Wani lokaci wayar tebur ta yi ta ringi har ta gaji. Baba Sauri na zaune shi kaɗai, jaka a cinya, babu mai aikensa.

A mako na biyu ya fara ganin sawun. Ya dawo daga ɗebo ruwan zafi wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai ya ga sawun ƙafa a jiƙe a kan matakala, ƙafa ba takalmi, yana hawa sama. Rana tsaka, ba hadari, ba a yi ruwa ba kwana shida. Ya bi sawun da ido har baranda. A can ƙarshen bencinsa wata mata na zaune. Ba tsohuwa ba ce, ba kuma yarinya ba. Ta lulluɓe kanta da baƙin mayafi, hannayenta a kan gwiwa, idonta a kan kullen ƙofar Ciyaman. Tufafinta daga ƙugu zuwa ƙasa sharkaf suke, ruwa na ɗiga daga gefen zane yana taruwa a ƙarƙashin benci. Wani wari ya bugi hancinsa, warin laka da ciyawar ruwa.

Ya yi sallama. Ba ta amsa ba, ba ta ko juyo ba.

"Baiwar Allah, Ciyaman ba ya nan. Ba ya zuwa yanzu."

Ya zauna a ɗaya ƙarshen, shayin ya huce a hannunsa bai kurɓa ba. Da agogon bango ya buga ɗaya, ta miƙe ta sauka. Bai ji ƙarar takunta ba.

Washegari ta dawo, a daidai lokacin, a jiƙe. Haka jibi, haka gata. Abin da ya fi tayar masa da hankali, babu wanda ya yi maganarta. Mai gadi bai ce ya ga ta shigo ba. Akawun da ya hawo neman fayil ya wuce ta gabanta kamar bencin babu kowa. Iya mai shara kan zo bayan ta tafi, ta goge ruwan, ta matse tsumma a bokiti, ba ta cewa uffan. Rana ta biyar ya kasa daurewa.

"Iya, don Allah, kina ganin matar da ke zama a nan?"

Iya ta ci gaba da goge-gogenta. "Ni ƙasa aka ɗauke ni in duba, Baba. Tunda abin nan ya faru ban ƙara ɗaga kaina a gidan nan ba. Kai ma da ka yi haka da ka huta."

A gida abinci ya daina shiga masa. Maman Auta ta zuba masa ido kwana biyu, sannan ta zaunar da shi.

"Malam, shekara talatin da uku muna tare. Ko tari ka yi na san na mura ne ko na ɓoye magana. Mene ne?"

Ya gaya mata komai, takardar, da lemun, da maganar Sakatare, da matar.

"Mutumin nan ya zauna a gefen gadona," in ji ta. "Ban manta ba. Amma idon da aka gyara min da shi na ga an wuce da yara a lulluɓe. Matar kuwa, in mutum ce ka yi mata magana, in ba mutum ba ce ma ka yi mata magana. Ba banza take zama kusa da kai ba."

Bai iya yi wa mai baƙin mayafin magana ba, amma washegari da ta miƙe ya bi ta. Karo na farko a rayuwarsa da ya yi sauri. Ta ratsa kasuwa, mutane na kaucewa ba tare da sun dube ta ba, ta gangara bakin kogi inda guntayen ƙarafan gada ke tsaye cikin ruwa. Ruwan ya ja baya a kwanakin nan. Ba ta tsaya ba, ba ta naɗe zane ba, ta shiga. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. A tsakiya, wajen karyayyar ƙafar gadar, ta tsaya ta sunkuyar da kai kamar mai sauraren wanda ke magana ƙasa-ƙasa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ƙarasa ƙetare, ta hau gaɓa, ta shige cikin lungu.

Wani mai gyaran takalma da ke zaune a bakin gaɓar ya ga Baba Sauri ya daskare.

"Tela ce daga ƙetare," in ji shi. "'Yarta na kan gadar, tana ajin ƙarshe a makaranta. Ba a ga gawar ba, shi ya sa ba ta cikin tara. Kullum ta nan take bi, ta ƙi zagayawa. Mutane kunyar haɗa ido da ita suke."

Baba Sauri ya sauke ajiyar zuciya. Ashe mutum ce. Kashegari da ta zauna, ya matso kusa, ya ajiye mata kofinsa na shayi, kofin da ko matarsa ba ta sha da shi.

"'Yata, na ji abin da ya same ki. Allah ya ba ki haƙuri. Amma zaman nan ba zai kawo Ciyaman ba."

Sai a lokacin ta juyo. Idanunta a bushe suke ƙaf, muryarta kuma a natse, kamar mai ba da saƙon kasuwa.

"Na sani, Baba. Ba shi nake jira ba. Yarinyar ce ta ce in zo in zauna kusa da mai baƙar jaka."

Ya ce, "Yaushe ta faɗa miki haka?"

"Kullum in na zo wucewa. Jiya ta ce in tambaye ka, wai ba ka gaji ba?"

Fanka na ta ƙyas, ƙyas a bayan ƙofa. Baba Sauri ya dubi jakar da ke cinyarsa. Bai san ko hankalin matar ne ya taɓu ba, ko wani ne a gari ya raɗa mata, ko kuwa abin da ta faɗa haka yake. Har yau bai sani ba. Abin da ya sani shi ne ya amsa mata, kuma da gaske yake. Ya ce, "Na gaji."

Kwamitin bincike na zama a babban zauren ƙasa. Ba a gayyace shi ba, don babu wanda ya tuna akwai masinja a cikin maganar, ko Injiniya ma ya ƙi ambatar sunansa don kada ya ja masa. Ranar zama na huɗu ya sa wankakkun kaya, ya rataya jakarsa, ya shiga ya tsaya a tsakiyar zaure har shugabar kwamitin, wata tsohuwar alƙaliya, ta ɗago kai.

"Baba, aike ne?"

"A'a, ranki ya daɗe. Yau ni na aiko kaina."

Ya faɗi ranar, da lokacin, da hannun hagu, da tabon lemu a kusurwar ambulan, da aljihun tebur na ƙasa. Ciyaman na zaune a gaba kusa da lauyansa. Baba Sauri bai dube shi ba ko sau ɗaya. Lauyan ya miƙe yana murmushi, ya ce tsoho ne, an riga an bincika teburin kaf ba a ga komai ba. Alƙaliyar ta ce a je a sake dubawa a gaban kowa. Aka hau bene, aka buɗe ofishin, wani ya kashe fankar. Aljihun ƙasa babu komai sai tsofaffin katunan gayyata. Baba Sauri ya ce a zare shi gaba ɗaya, don ya san teburin tun kafin a haifi wasu a wurin, bayan aljihun a ɓalle yake. Aka zare. Ambulan ɗin na kwance a ƙasa cikin ƙura, da tabonta a kusurwa. A liƙe take. Ba a taɓa buɗe ta ba.

Lauyan ne ya fara magana.

"To kun gani! Bai karanta ba. Yaya za a kama mutum da abin da bai sani ba?"

"Ya sani," in ji Baba Sauri. "Na gaya masa da bakina, ƙafar gada ta ruɓe, a rufe yau. Ya ce min bayan zaɓe. Sau biyu ya faɗa."

Abin da ya biyo baya kamar zubewar bango ne a damina. Kansilolin da suka ci zaɓe a inuwar Ciyaman su ne suka fara ɗaga hannu a tsige shi. Sakatare ya ajiye aiki ranar da aka gano takardu biyun farko a ofishinsa. Mataimakin da ya hau kujera bai cika wata guda ba, aka samu shi ma an taɓa gaya masa, ya sauka. An wanke Injiniya, amma bai dawo ba, ya ce ba zai iya wucewa ta bakin kogin kullum ba. Maganar ta tafi kotu, tana can ana ta ɗagawa. Alƙaliyar ta sa aka ƙara sunan 'yar telar a rahoto, tara ta koma goma.

Shi kuwa Baba Sauri, sabbin shugabanni suka yaba masa a gaban jama'a, bayan wata biyu suka ba shi takardar ritaya. Babu mai son masinjan da ba ya mantuwa. A unguwa wasu na tsayawa su gaishe shi da hannu biyu, wasu kuma na cewa ya ci amanar wanda ya yi masa alheri. Bai yi musu da kowa ba. Telar ba ta sake zuwa majalisa ba. Sau ɗaya ya zagaya ta babbar gada ya je unguwarsu. Ya hango ta a shagonta, keke na ta gudu, a bayanta an rataye rigunan makaranta sun fi ashirin, duk awo ɗaya. Maƙwabciyarta ta ce ba ta karɓar ɗinkin kowa yanzu. Ya juyo bai yi sallama ba.

Wata bakwai bayan haka, da tsakar rana, aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya buɗe ya ga tsohon Ciyaman a tsaye, shi kaɗai, ba mota, ba ɗan rakiya. Ya rame har riga ta yi masa yawa. Maman Auta ta kawo kujera ta koma ciki. Suka gaisa. Mutumin ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na hagu.

"Baba, ba faɗa ya kawo ni ba. Abu ɗaya nake so ka gaya min tsakaninka da Allah. Na tuna lemun. Na tuna wayar da nake yi. Amma na nema na nema a kaina, ban ji muryarka ba. Da gaske na ce bayan zaɓe?"

"Ka faɗa, ranka ya daɗe."

"Sau biyu?"

"Sau biyu."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya yi godiya, ya tashi ya tafi. Baba Sauri ya ɗauka shi ke nan. Bayan mako shida sai ga shi ya dawo, a daidai wannan lokaci, ya zauna, ya yi tambayar da kalmomin da ya yi ta a farko, kamar bai taɓa yi ba. Baba Sauri ya ba shi amsar. Yanzu shekara ta uku ke nan yana zuwa. Auta ta ce a daina buɗe masa, ta ce ciwo ne, asibiti ya kamata a kai shi. Baba Sauri ya ce shi dai ba zai rufe wa mutum ƙofa ba, kuma ba zai canza amsa ba. In Maman Auta ta ji irin ƙwanƙwasar nan, sau uku a hankali, ba ta ko tambayar wane ne. Sai ta ɗauko kujerar ta fitar.